Tambayoyi da Amsoshi kan Rumbunan APT da Fayilolin Saiti a Debian da Ubuntu

Wannan shafi na masu amfani da Debian da Ubuntu da Linux Mint ne, waɗanda hannunsu ya fara kaiwa cikin /etc/apt. Tambayoyin su ne waɗanda ba sa ƙarewa a bakin ɗalibai da masu kula da ɗakunan kwamfuta. Matsayina guda ne a kan dukkansu: duk rumbun da ka ƙara wa na'urarka, ka ba mai rumbun damar yin yadda ya ga dama da ita. Saboda haka kowane sauyi a yi shi a ƙaramin fayil nasa na daban, a san dalilinsa, a kuma iya cire shi ba tare da an taɓa sauran ba.

Daga ina APT ke samo manhajojin da yake sakawa?

Daga rumbunan da ka lissafa masa, wato ma'ajiyoyin manhajoji, galibi a intanet. APT, manhajar da ke sakawa da sabunta sauran manhajoji, wanda Debian ta fara fitarwa a 1998, ba ya yawon nema a intanet. Yana duba fayil ɗin /etc/apt/sources.list da duk abin da ke cikin foldar /etc/apt/sources.list.d/, adireshin da ya tarar a nan shi kaɗai ya sani. Idan ka buga apt update, jerin sunayen ƙunshe-ƙunshen da kowane rumbu ke da su yake saukewa, ya ajiye a /var/lib/apt/lists/. Ba ya saka komai a wannan mataki. Sai ka ce apt install ko apt upgrade sannan yake ɗauko kayan. Shi ya sa duk lokacin da ka canja wani abu a jerin rumbuna, dole ka sake apt update, in ba haka ba da tsohon jeri zai ci gaba da aiki.

Me kowace kalma ke nufi a layin sources.list?

Ga layi na yau da kullum:

    deb http://deb.debian.org/debian trixie main non-free-firmware

Kalmar deb tana nufin ƙunshin da aka riga aka haɗa, sai sakawa kawai. Da deb-src ce, to asalin rubutun manhajar ake nufi, kuma yawancin mutane ba sa bukatarsa. Sai adireshin rumbu, sai sunan sigar tsarin: trixie ita ce Debian 13 ta watan Agustan 2025, bookworm kuma Debian 12 ta Yunin 2023. Abin da ya rage sassan rumbun ne. Debian na da main da contrib da non-free da non-free-firmware, wannan na ƙarshen da Debian 12 ya zo, kuma a cikinsa ake samun abin da katin wayafai na laftof da yawa ke bukata kafin ya yi aiki. Ubuntu kuwa main da restricted da universe da multiverse take da su.

Ka riƙa rubuta sunan sigar, kar ka rubuta stable. Kalmar stable tana bin duk sigar da ke kai a lokacin. Wanda ya rubuta ta yana kan bookworm, ranar da trixie ta fito ya wayi gari APT na miƙo masa kayan sabon tsari, alhali bai shirya ƙaura ba.

Na buɗe sources.list a Ubuntu 24.04 na tarar babu komai sai ɗan bayani. Ya lalace ne?

Lafiyarsa ƙalau. Daga 24.04 Ubuntu ta mayar da jerin zuwa /etc/apt/sources.list.d/ubuntu.sources, cikin sabon salon rubutu mai suna deb822. Salon ba sabo ba ne can, APT na gane shi tun sigar 1.1 ta 2015. Ga kamanninsa:

    Types: deb
    URIs: http://archive.ubuntu.com/ubuntu
    Suites: noble noble-updates noble-backports
    Components: main restricted universe multiverse
    Signed-By: /usr/share/keyrings/ubuntu-archive-keyring.gpg

Na fi son wannan salo nesa ba kusa ba. Abin da a da zai ci layi uku ko huɗu masu kama da juna, inda ido ke saurin tsallake kuskure, yanzu sakin layi ɗaya ne. In kana so ka dakatar da rumbu na ɗan lokaci, layin Enabled: no ya wadatar. Abin kiyayewa shi ne ƙarshen sunan fayil: mai tsohon salo ya ƙare da .list, mai sabon salo da .sources. Ka cakuɗa su, APT zai ce layin bai karantu ba. A Debian 13 akwai umarnin apt modernize-sources da ke juya tsofaffin fayiloli zuwa sabon salo.

Wani kamfani ya ce in ƙara rumbunsa kafin in saka manhajarsa. Yaya ake yi yadda ya kamata?

Kafin a zo kan yadda ake yi, ka san abin da kake amincewa da shi. Ƙunshin deb ba fayiloli kaɗai ne a cikinsa ba. Yana iya ɗauke da ƙananan umarni da ake gudanarwa lokacin sakawa, kuma da cikakken ikon root, wato babban mai iko a kan na'urar, ake gudanar da su. Wato mai rumbun zai iya karanta duk abin da ke kan faifanka, ya goge, ya ƙara mai amfani, ba yau kaɗai ba, har duk ranar da ka sake yin apt upgrade. Idan ba ka san kamfanin ba, ko ka ga adireshin a wani bidiyo ne kawai, ka haƙura.

Idan ka gamsu da su, abu biyu za ka yi. Na farko ka sauke makullin da suke sa hannu da shi, ka ajiye a /etc/apt/keyrings/. Na biyu ka rubuta fayil ɗin rumbun, ka ɗaure shi da wannan makulli kaɗai:

    Types: deb
    URIs: https://rumbu.example.com/apt
    Suites: stable
    Components: main
    Architectures: amd64
    Signed-By: /etc/apt/keyrings/example.asc

A nan kalmar stable sunan da kamfanin ya raɗa wa sashen rumbunsa ne, ba ruwanta da sigar Debian. Layin Signed-By shi ne ƙashin bayan al'amarin. A tsohuwar hanya, ta apt-key add, makullin kan shiga tarin makullan da APT ya yarda da su a kan kowane rumbu. Kamar ka ce duk takardar da ta zo da hatimin mai unguwa kaza karɓaɓɓiya ce, ko da takardar filin wata unguwar ce daban. Da Signed-By, sa hannun kamfanin a rumbunsa kawai yake aiki. Shi ya sa aka daina apt-key, har a Debian 13 aka cire shi gaba ɗaya. Duk bayanin da ka gani yana cewa ka buga apt-key add, ka san ya tsufa. Jefa makulli cikin /etc/apt/trusted.gpg.d/ ma matsalar ɗaya ce, sunan wurin ne kawai ya canja.

Ƙananan abubuwa biyu ne ke yawan ba mutane ciwon kai a nan. Makullin da in ka buɗe shi ka ga rubutu ya fara da BEGIN PGP PUBLIC KEY BLOCK, sunansa ya ƙare da .asc. Wanda aka juya da gpg --dearmor kuma ya ƙare da .gpg. Sannan dole kowa ya iya karanta fayil ɗin, domin APT da wani ƙaramin mai amfani mai suna _apt yake sauke kaya, ba da root ba. Idan ka tabbata makullin na nan amma ana ta ce maka NO_PUBKEY, ka yi masa chmod 644 ka sake gwadawa.

Adireshin rumbun Ubuntu da http ya fara, ba https ba. Ba za a iya sauya min kaya a hanya ba?

Ba za a iya ba tare da APT ya gane ba. Kowane rumbu na da fayil mai suna InRelease da aka sa wa hannu, a cikinsa akwai lissafin SHA256 na jerin ƙunshe-ƙunshe, a cikin jerin kuma akwai na kowane ƙunshi. Ko harafi ɗaya aka sauya a hanya, lissafin ba zai dace ba, APT zai ƙi karɓa. Abin da https ke ƙara maka shi ne wanda ke kan hanya ba zai ga sunan abin da kake saukewa kai tsaye ba.

Wani ya ce in sa trusted=yes kuskuren makulli zai tafi. In yi?

Kuskuren zai tafi, tare da duk kariyar da aka bayyana a sama. Ma'anar trusted=yes ita ce kar APT ya duba sa hannu sam. Wuri ɗaya na yarda a yi amfani da shi: rumbun da kai ka haɗa da hannunka a kan faifanka ko filasha. A rumbun da ke intanet, a'a.

Ina koyon tsaron intanet. Zan iya ƙara rumbun Kali a Ubuntu ɗina don in samu kayan aikinsu?

Kar ka yi. Wannan tambaya na yawan fitowa daga matasanmu masu ɗokin wannan fanni, kuma ɗokin abin yabawa ne, amma hanyar ba ta ɓullewa. Kali, tsarin Linux na masu gwajin tsaro, a kan reshen gwaji na Debian aka gina ta, sigogin ginshiƙan da manhajojinta ke dogaro da su (libraries) sun sha bamban da na Ubuntu. Da zarar ka ƙara kali-rolling ka yi upgrade, APT zai ga sababbin lambobi ya fara musanya ginshiƙan tsarin, har da libc6 da kusan komai ya dogara a kai. Ƙarshenta sai na'ura ta tashi babu allon shiga, ko APT ya maƙale ba gaba ba baya. Masu Kali da kansu sun yi gargaɗi a kan haka. Ka saka Kali cikin VirtualBox ko a filasha. Kayan aiki irin su nmap da wireshark kuwa suna nan cikin rumbun Ubuntu tun asali.

Haka zancen yake ga rumbunan PPA, waɗanda ɗaiɗaikun mutane ke buɗewa a shafin Launchpad: don Ubuntu aka yi su, kowanne da sigar da aka haɗa shi dominta, ba don Debian ba.

Ina so APT ya yi aiki da wani fayil ɗin saiti daban, ba na tsarin ba. Da -c ake yi ko da APT_CONFIG?

Duka biyun suna aiki, amma ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Abin da ya raba su shi ne lokacin da APT ke karanta kowanne. Da farko yana karanta fayil ɗin da aka nuna da APT_CONFIG, in akwai. Sai duk fayilolin /etc/apt/apt.conf.d/ bi da bi bisa jerin lambobi da haruffa. Sai /etc/apt/apt.conf. A ƙarshe sai abin da ka rubuta a layin umarni, wato -c da -o. Ƙa'idar ita ce na baya ke danne na gaba.

Saboda haka idan ka ce:

    sudo apt-get -c /srv/gwaji/apt.conf update

ba ka kawar da saitin tsarin ba. An karanta shi duka, sannan aka ɗora naka a kai. Abin da ka ambata a fayil ɗinka shi zai yi rinjaye, abin da ba ka ambata ba yana nan yadda yake. Yawancin lokaci wannan ake so.

APT_CONFIG kuwa, da yake shi ake fara karantawa, duk wani fayil na apt.conf.d zai iya danne abin da ka sa a cikinsa. Mutum zai sa furoksi (proxy, wato na'urar da ake bi ta cikinta zuwa intanet) a nan, ya ga ba ta aiki, ya ɗauka APT ya yi biris da fayil ɗin, alhali ya karanta, wani ne ya zo daga baya ya goge. Amfaninsa na gaskiya shi ne sauya wurin da za a je neman sauran saitin tun kafin a tafi. Idan kana so a yi watsi da saitin tsarin ɗungurungum, ka sa waɗannan a ciki:

    Dir::Etc::parts "/dev/null";
    Dir::Etc::main "/dev/null";

Ka kuma tuna sudo na share yawancin sunaye irin su APT_CONFIG kafin ya gudanar da umarni. Idan ka yi export APT_CONFIG sannan ka kira sudo apt-get, sau da yawa ba zai isa ga APT ba. Rubuta shi haka ya fi tabbas:

    sudo env APT_CONFIG=/srv/gwaji/apt.conf apt-get update

Shi -o na sauyi guda ne na lokaci ɗaya, misali -o Acquire::ForceIPv4=true a layin da IPv6 ke ba da matsala. Duk hanyar da ka bi, kar ka yi zato, ka duba. Umarnin apt-config dump na fito maka da saitin da ya tabbata bayan an gama haɗa komai, kuma yana karɓar -c shi ma.

To yaya zan leƙa abin da ke cikin wani rumbu ba tare da na ƙara shi a tsarina ba?

Wannan shi ne mafi kyawun amfanin fayil ɗin saiti na gefe, kuma da mutane sun saba da shi da na'urori da yawa ba su lalace ba. Ka buɗe folda, ka rubuta layin rumbun a gwaji.list, sannan ka rubuta apt.conf kamar haka:

    Dir::Etc::sourcelist "/srv/gwaji/gwaji.list";
    Dir::Etc::sourceparts "/dev/null";
    Dir::State::lists "/srv/gwaji/lists/";
    Dir::Cache "/srv/gwaji/cache/";

Ka ƙirƙiri lists/partial da cache/archives/partial a cikin foldar, ka yi update da -c. Layi na uku na da muhimmanci. In ka bar shi, APT zai ga jerin rumbunanka na ainihi ba sa cikin sabon lissafi, ya share su daga /var/lib/apt/lists/, sai ka sake ƙona data kafin ka dawo da su.

Daga nan za ka iya tambayar apt-cache -c /srv/gwaji/apt.conf policy da sunan ƙunshi, ko ka yi apt-get -c /srv/gwaji/apt.conf -s install. Harafin -s na nufin kwaikwayo, zai nuna maka abin da zai saka da abin da zai cire ba tare da ya taɓa komai ba. Ka karanta jerin abin da za a cire a tsanake. Gargaɗi guda: wannan tsari jerin rumbuna kawai ya ware, na'urar ɗaya ce. Ka manta -s, a kan tsarinka na gaske kayan za su sauka. Masu yawan irin wannan bincike suna da chdist a cikin ƙunshin devscripts, aikinsa ke nan.

Na ajiye fayil a apt.conf.d amma ba ya aiki.

Fara da sunan. A apt.conf.d, ko dai sunan ba shi da wutsiya ko ya ƙare da .conf, kuma haruffa da lambobi da ɗigo da karan kwance na tsakiya (-) ko na ƙasa (_) kaɗai ake karɓa, ban da tazara. Fayil mai suna furoksi.txt ba za a karanta shi ba. Sai ka duba lambar farkon sunan, domin 10nawa zai sha ƙasa a hannun 70wani, shi ya sa ake fara nasu da 99. Sannan kowane layi sai ya ƙare da waƙafi mai ɗigo (;), ƙimar kuma tana cikin alamar zance.

Rumbuna biyu na da manhaja ɗaya. Wanne APT zai ɗauka?

Idan darajarsu ɗaya, mai sabuwar siga zai ɗauka, ba ruwansa da wanda ka fi yarda da shi. Kowane rumbu na yau da kullum darajar 500 yake da ita. Abin da ke kan na'ura 100, rumbun backports na Debian shi ma 100, experimental kuma 1. Wanda ka zaɓa da -t yana hawa 990. Daga 1000 zuwa sama APT zai yarda ya mayar da kai tsohuwar siga, ƙasa da sifili kuwa ba zai taɓa sakawa ba.

Ana canja wannan da fayil a /etc/apt/preferences.d/. Misalin da kowa zai gane shi ne Firefox. Tun Ubuntu 22.04, ƙunshin firefox na rumbun Ubuntu hanya ce kawai zuwa Snap, wani tsarin ƙunshi daban da deb. Mozilla ta buɗe nata rumbun deb, kuma don nata ya yi rinjaye sai an ba packages.mozilla.org darajar 1000.

Ni abin da na fi damuwa da shi akasin wannan ne, wato hana baƙon rumbu wuce gona da iri. Ka ƙara rumbu don manhaja ɗaya, babu abin da zai hana shi gobe ya miƙo maka nasa openssl mai lamba mafi girma. Ga maganinsa:

    Package: kayan-aiki
    Pin: origin "rumbu.example.com"
    Pin-Priority: 500

    Package: *
    Pin: origin "rumbu.example.com"
    Pin-Priority: -1

Idan manhajar na bukatar wasu ƙunshe-ƙunshen daga wannan rumbun, ka ƙara sunayensu a layin farko. Bayan haka ka buga apt policy da sunan ƙunshin, ka ga wanda aka tsayar.

Muna da kwamfutoci da yawa a ɗakin koyarwa, data na ƙarewa wajen sabunta kowacce. Akwai dabara?

Akwai, kuma duk makarantar da ke sayen data da kuɗin aljihu ya kamata ta san ta. Ka zaɓi kwamfuta ɗaya ka saka mata apt-cacher-ng, tana saurare a ƙofa (port) ta 3142. A kowace ɗaya daga sauran ka ajiye fayil /etc/apt/apt.conf.d/99furoksi mai layi guda:

    Acquire::http::Proxy "http://192.168.1.10:3142";

Na'urar farko da ta nemi ƙunshi, daga intanet zai zo, a ajiye kwafi. Ta biyu da ta ashirin daga cikin ɗakin za su ɗauka, cikin ƙiftawar ido, ba a taɓa data ba. A nan ne adireshin http ke da riba, domin ma'ajiyar ba ta iya adana abin da ya wuce ta cikin https kai tsaye.

Laftof da ke fita da shiga za ta maƙale idan ta bar ɗakin, tana neman furoksin da ba ta nan. Ko dai ka buga -o Acquire::http::Proxy=DIRECT a waje, ko kuma, abin da ya fi tsafta, kar ka sa layin a apt.conf.d ɗinta sam, ka ajiye shi a fayil na gefe ka riƙa kiransa da -c idan kana makaranta.

Ko kwamfuta ɗaya gare ka akwai abin ragewa. Ka kashe deb-src. Ka sa Acquire::Languages "none"; don a daina sauke fassarar bayanan ƙunshe-ƙunshe. In layinku na yawan yankewa, Acquire::Retries "5"; zai sa ya sake gwadawa da kansa.

Ana ce min Release file is not valid yet. Rumbun ne ya samu matsala?

Kusan kullum agogon kwamfutarka ne. Kwamfutocin hannu na biyu da muke saye da yawansu ƙaramin batirin allon uwa ya riga ya mutu. A ɗauke wuta a dawo, sai ka kalli kusurwar allo ka ga kwanan wata ya koma shekarun baya, ƙarfe goma sha biyun dare. A idon APT, fayil ɗin da aka sa wa hannu jiya daga gaba ya zo. Ka buga timedatectl ka ga me yake cewa, ka kunna set-ntp true, sannan ka sayi batirin CR2032 ka canja. Kar ka kashe binciken kwanan wata don kuskuren ya yi shiru. Binciken ne ke hana wani ya riƙa ba ka tsohon jeri mai kayan da aka riga aka gano raminsu.

Komai 404 yake ba ni tun da na daɗe ban sabunta ba.

Wataƙila wa'adin sigarka ya ƙare. Ubuntu da ba LTS ba (LTS ita ce siga mai dogon tallafi) wata 9 take yi, LTS kuma shekara 5 a tallafin yau da kullum. Sigar da aka gama da ita ana kwashe ta zuwa old-releases.ubuntu.com, ta Debian kuma archive.debian.org. Ka mayar da adireshin can don ka samu damar ƙaura zuwa sabuwar siga, ba don ka zauna ba, domin gyaran tsaro ya daina zuwa. Masu kwafo tsohon bayani kuma su lura, tun Debian 11 sashen tsaro ya koma salon bullseye-security, ba buster/updates irin na da ba.

Kwamfutar ba ta da intanet sam. Zan iya yin rumbu a filasha?

Za ka iya. Ka tara fayilolin .deb a folda ɗaya, ka gudanar da dpkg-scanpackages na cikin dpkg-dev don ya rubuta fayil ɗin Packages, sannan ka nuna foldar da adireshi mai farawa da file: a jerin rumbuna. Ka sani umarnin apt na goge abin da ya sauke bayan ya gama sakawa, apt-get kuwa yana barinsu a /var/cache/apt/archives/. In tarawa kake so, da apt-get za ka yi aiki. Akwai kuma apt-offline, wanda ke rubuta bukatun na'urar a ɗan fayil, ka je inda akwai intanet ka sauko da su.

Rumbun wurin aikinmu na bukatar suna da kalmar sirri. In rubuta su cikin adireshin?

A'a, jerin rumbuna kowa na iya karanta shi. Ka sa su a fayil mai ƙarewa da .conf cikin /etc/apt/auth.conf.d/, da kalmomin machine da login da password, ka yi masa chmod 600.

Haka abin yake a pip da npm?

Da pip ake saka ƙunshe-ƙunshen Python, da npm kuma na JavaScript; tunanin ɗaya ne, ƙa'idojin ne suka bambanta. Shi pip yana karanta /etc/pip.conf, sai ~/.config/pip/pip.conf, sai pip.conf na cikin venv, wato keɓaɓɓiyar foldar Python ta aiki guda. Fayil na gefe da PIP_CONFIG_FILE ake nuna shi, kuma saɓanin APT_CONFIG, shi ne ake karantawa a ƙarshe, don haka yana danne sauran. Umarnin pip config debug zai nuna maka wuraren da ya leƙa. A npm akwai .npmrc na cikin aikin da na gidan mai amfani, ana kuma musanya na biyun da --userconfig.

Abin tsoro a pip shi ne extra-index-url. Ba ya fifita wani rumbu a kan wani, duk inda ya ga sigar da ta fi girma nan zai ɗauka, kuma ba shi da tsarin daraja irin na APT. A watan Fabrairun 2021 mai bincike Alex Birsan ya nuna illar haka: ya ɗora ƙunshe-ƙunshe a rumbunan jama'a da sunayen da kamfanoni ke amfani da su a cikin gida, ya ba su manyan lambobi, sai ga su suna gudana a na'urorin kamfanoni sama da 35, har da Apple da Microsoft. Idan kuna da rumbun cikin gida, ku nuna shi da index-url shi kaɗai, shi ya riƙa ɗebo muku na waje. A npm kuma ku ɗaure sunayenku da layin @kamfani:registry.

Na riga na dagula komai. Ta ina zan fara gyara?

Kar ka fara da gogewa. Ka kwafe /etc/apt gaba ɗaya zuwa wani wuri tukuna. Sai ka bi sources.list.d fayil bayan fayil, duk wanda ba na tsarin ba ka dakatar da shi, da Enabled: no ko da alamar # a farkon layi. Idan saƙon configured multiple times ne, ko Conflicting values set for option Signed-By, to rumbu ɗaya ne aka rubuta a wuri biyu, galibi ɗaya a .list ɗaya a .sources. Umarnin grep -r da adireshin a kan /etc/apt zai tono su, ka bar ɗaya.

Bayan apt update ya wuce babu ƙorafi, ka buga apt list '~o' ka ga ƙunshe-ƙunshen da ke kan na'ura amma babu rumbun da ke da su yanzu. Cire rumbu ba ya cire abin da ya riga ya saka, suna nan zaune, kuma ba mai sabunta su. Idan kaɗan ne, ka cire su ko ka mayar da sigar tsarin da apt install suna/trixie, ko suna/noble a Ubuntu 24.04, kana fara gwadawa da -s. Idan kuwa libc6 da systemd na cikin waɗanda aka musanya, ka kwashe fayilolinka ka sake saka tsarin daga farko, ya fi sauri kuma ya fi aminci.